Tun Ran Gini: Tarihin Sassan da Python Yake Rasawa Idan An Harhaɗa Shi daga Tushe

Injiniyan da ya ga sigar Python da ke kan kwamfutar ofishinsu ta tsufa yana da hanyar da aka daɗe ana bi. Zai sauko da rubutun tushe na harshen daga shafin python.org, ya warware ƙunshin, ya ba da umarni uku a jere: `./configure`, sai `make`, sai `make install`. Dubban layuka za su yi ta gudu a kan allo na wasu mintuna, aiki ya ƙare babu ƙorafi. Ya kira sabon Python, ya amsa. Ya ba shi lissafi, ya kawo amsa daidai. Sai ya nemi `pip` ya sauko masa da wata manhaja, a nan ne komai zai tsaya cik. Pip zai ce ba zai iya tuntuɓar ma'ajiyar manhajoji ba saboda babu sashen ssl, kuma idan aka bi diddigi za a tarar da layi ɗaya a ƙasa: `ModuleNotFoundError: No module named '_ssl'`.

Wani `_ctypes` ne zai ɓace masa, wani `_sqlite3`, wani kuma `zlib` ko `_bz2` ko `_lzma`. Yawancin sunayen suna farawa da ɗan layin ƙasa, kuma mai aikin bai taɓa rubuta ko ɗaya daga cikinsu a manhajarsa ba. Bai san yana bukatarsu ba sai ranar da aka ce masa babu su. Mai gaggawa yakan nemi pip ya sauko masa da sashen da ya ɓace, ya manta cewa pip ɗin kansa rashin sashen ne ya hana shi motsi. Ɓarnar ta riga ta auku tun lokacin harhaɗawa, wataƙila awa ɗaya da ta wuce, wataƙila wata shida, kuma an ma sanar da ita a cikin layukan nan da suka wuce da gudu.

Wannan tazara tsakanin lokacin da abu ya lalace da lokacin da aka ji labarinsa tana da tarihi. Ta samo asali ne daga shawarwarin da mutane dabam-dabam suka yanke daga 1976 zuwa 2023, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, kuma kowace shawara tana da hujjarta mai kyau a ranar da aka yanke ta. Wanda ya san jerin shawarwarin yakan gano matsalar cikin mintuna. Wanda bai sani ba yakan kwana yana gwada umarnin da bai san aikinsu ba, a kan kwamfutar da albashin jama'a ko bayanan marasa lafiya suke ciki.

## Tafinta da maƙwabtansa

Python tafinta ne, wato manhajar da ke karanta umarnin da mutum ya rubuta ta aiwatar da su. Tafintan kansa, wanda aka sani da CPython, da harshen C aka rubuta shi, kuma na'ura ba ta fahimtar C kai tsaye. Sai wata manhaja mai harhaɗawa, irin su GCC, ta mayar da rubutun zuwa lambobin da na'urar take ganewa. Wannan aiki shi ake nufi da harhaɗawa daga tushe.

Guido van Rossum ya fara rubuta Python a hutun Kirsimeti na Disambar 1989, yana ma'aikaci a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI da ke Amsterdam a ƙasar Holan. Kafin nan ya yi shekaru yana aiki a kan wani harshe mai suna ABC, wanda aka tsara domin sauƙin koyo amma bai samu karɓuwa ba. Ɗaya daga cikin darussan da ya ɗauka shi ne cewa ABC rufaffen gida ne: babu hanya mai sauƙi da wani na waje zai ƙara masa sabon aiki. Saboda haka ya gina Python a kan sassa, ya aro tsarin daga harshen Modula-3, ya kuma bar ƙofa a buɗe domin a rubuta sashe da C a jona shi da tafintan. Da wannan siffa harshen ya fito ga jama'a a Fabrairun 1991.

Buɗaɗɗiyar ƙofar ta zama sirrin ƙarfin Python. Maimakon masu harshen su rubuta dabarar matse bayanai da kansu, sai suka yi gada zuwa taskar zlib da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. Haka aka yi da bzip2 ta Julian Seward, da SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da D. Richard Hipp ya fara a 2000. Taska a nan tana nufin tarin ayyuka shiryayyu da wata manhaja za ta iya kira. Gadojin sun yi ta ƙaruwa: bz2 a sigar 2.3 ta 2003, sqlite3 da ctypes a sigar 2.5 ta 2006, ssl a sigar 2.6 ta 2008, lzma a sigar 3.3 ta 2012.

Yawancin waɗannan sassa hawa biyu ne. Hawan sama, misali `ssl.py`, rubutun Python ne zalla, kwafe shi kawai ake yi zuwa inda aka girka harshen, don haka ba ya ɓacewa. Hawan ƙasa, `_ssl`, da C aka rubuta shi, kuma ba ya ginuwa sai taskar OpenSSL tana kan kwamfutar a daidai lokacin harhaɗawa. Ƙunshin tushen Python ba ya zuwa da ita. Idan ba ta nan, hawan sama zai zauna lafiya har ranar da aka kira shi, shi kuma ya kira na ƙasa, a ji shiru. Ma'anar ɗan layin da ke gaban sunan ke nan.

## Asalin umarnin uku

Manhajar `make` ta girmi fitowar Python da shekara goma sha biyar. Stuart Feldman ya rubuta ta a Bell Labs ta Amurka a 1976, bayan wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da ya riga ya gyara, ashe bai sake harhaɗa fayil ɗin da ya canza ba. Aikin `make` shi ne ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina abin da ya kamata kawai. Ba ta binciken abin da ke kan kwamfuta. Jadawalin da aka miƙa mata take bi.

Mai rubuta jadawalin shi ne `configure`. A ƙarshen shekarun 1980 tsarin Unix ya rarrabu gida-gida: kamfanin Sun yana da SunOS, IBM yana da AIX, HP yana da HP-UX, DEC yana da Ultrix, kowanne da inda yake ajiye kayansa da abin da ya rasa. A 1991 David MacKenzie, wanda yake kula da wasu manhajojin GNU, ya fara Autoconf domin magance wannan. Dabararsa ita ce gwaji. Maimakon a tambayi kwamfuta sunanta a yi hasashe, sai a rubuta ɗan gajeren shiri na C da ke amfani da abin da ake nema, a gwada harhaɗa shi. Idan ya ginu, amsar ita ce e. Idan bai ginu ba, a'a. Kowane gwaji da sakamakonsa ana rubuta su a fayil mai suna `config.log`. Python ya rungumi wannan tsari a sigar 1.0 ta Janairun 1994.

A wurin `configure`, a'a amsa ce kamar kowace amsa. An ƙirƙiro shi ne domin manhaja ta daidaita kanta da duk na'urar da ta samu kanta a kai, ko da na'urar ta rasa abubuwa da yawa. Ba ya tsayawa sai abin da ya ɓace na dole ne, kamar manhajar harhaɗawa ita kanta.

## Daga Setup zuwa setup.py

A shekarun 1990 mai harhaɗa Python shi ne yake zaɓen sassansa da hannu. Akwai fayil mai suna `Modules/Setup` da ke ɗauke da layi ga kowane sashe, kuma waɗanda suka dogara da taskar waje an rufe layukansu da alamar `#`. Mai son zlib sai ya buɗe fayil ɗin, ya cire alamar, ya rubuta inda taskar take a kan na'urarsa. Aikin yana da gajiyarwa, kuma baƙi da yawa ba su ma san da fayil ɗin ba. Amma wanda ya san shi ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari.

A 1998 Greg Ward ya fara distutils, kayan aikin da ke sauƙaƙa ginawa da rarraba sassan Python. Andrew Kuchling ya kawo shawara, a takardar da aka ba lamba PEP 229, cewa a yi amfani da distutils wajen gina Python kansa, saboda mutane suna rasa sassa masu amfani don kawai ba su tuna sun gyara Setup ba. An karɓi shawarar a sigar 2.1 ta Afrilun 2001. Daga nan `make` takan fara gina ƙaramin tafinta, sai tafintan ya gudanar da wani shiri mai suna `setup.py`, wanda yake leƙa sanannun wurare irin su `/usr/include` da `/usr/lib` da `/usr/local`. Abin da ya gani ya gina masa gada, abin da bai gani ba ya tsallake.

Tsallakewar da gangan aka yi ta. Mutumin da ke girka Python a kan na'urar da ba ta da allo ba shi da bukatar Tk, taskar zana tagogi, kuma zalunci ne a hana shi harshen gaba ɗaya saboda rashinta. Daga baya an ƙara taƙaitaccen rahoto a ƙarshen aikin `make`, wanda a sigogin Python 3 yake farawa da `The necessary bits to build these optional modules were not found`, sannan ya jero sunayen sassan da ba a gina ba. Sai dai `make` takan kammala da alamar nasara duk da haka. Wanda ya haɗa `make` da `make install` a layi ɗaya ya tafi shan shayi, kafin ya dawo layuka dubbai sun binne rahoton.

Rahoton yana kiran sassan da na zaɓi. A 2001 wannan gaskiya ne, har ga sashen ɓoye bayanai. Kalmar ta zauna yadda take, duniya ce ta canza a kewayenta.

## Rabin taska

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne taskar tana nan a kan kwamfutar. Mai aiki zai rubuta `openssl version` ya ga amsa, burauzarsa tana buɗe shafuka masu kariya, amma Python ya ce bai ga komai ba.

Dalilin shi ne kowace taskar C kashi biyu ce. Akwai ginannen fayil da manhajoji ke amfani da shi yayin aiki, akwai kuma fayilolin bayani, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da `.h`, masu faɗa wa manhajar harhaɗawa sunayen ayyukan da ke cikin taskar da irin abin da kowanne yake karɓa. Mai amfani na yau da kullum kashi na farko kawai yake bukata. Masu tsara nau'o'in Linux, irin su Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993 da kuma Red Hat, sun raba kashin biyu zuwa ƙunshi dabam-dabam tun zamanin da faifan kwamfuta yake da tsada da ƙaranci. A gidan Debian da Ubuntu ƙunshin masu gini yana ƙarewa da `-dev`: `libssl-dev`, `zlib1g-dev`, `libsqlite3-dev`, `libbz2-dev`, `liblzma-dev`, `libffi-dev`. A gidan Red Hat da CentOS da Fedora yana ƙarewa da `-devel`: `openssl-devel`, `zlib-devel`, `sqlite-devel`, `bzip2-devel`, `xz-devel`, `libffi-devel`. Sabuwar na'ura ba ta cika zuwa da su ba.

Ko da an girka su, tsarin leƙen sanannun wurare yana da rauni: masu gida suna iya canza wa kaya mazauni. A 2011 Ubuntu 11.04 ta mayar da taskoki da yawa zuwa sababbin folda masu ɗauke da sunan nau'in na'ura, irin su `/usr/lib/x86_64-linux-gnu`, domin taskokin na'urori dabam-dabam su iya zama tare. `setup.py` bai san wurin ba, sai ya riƙa ba da rahoton cewa babu zlib alhali tana nan, har sai da aka koya masa tambayar tsarin inda kaya suka koma. Kamfanin Apple ma ya yi nasa. A 2015, da fitowar El Capitan, ya daina ba da fayilolin bayanin OpenSSL. A 2018, da fitowar Mojave, fayilolin bayani suka bar `/usr/include` suka koma cikin kayan Xcode, masu harhaɗa Python a kan Mac suka wayi gari da saƙon `zlib not available`.

A shekarar ce kuma `_ctypes` ya zama sananne. Shekaru da yawa Python yana ɗauke da kwafin taskar libffi a cikin tushensa, don haka sashen yakan ginu ko da na'urar ba ta da ita. Kula da kwafin taskar wani yana da nauyi, kuma kwafin yakan tsufa. A sigar 3.7 ta Yunin 2018 aka cire shi daga ginin Linux. Mutanen da suka shekara goma suna bin umarni ɗaya ba matsala suka ga `make install` ya faɗi, domin tun sigar 3.4 ta 2014 matakin ƙarshe na girkawa shi ne saka pip, wanda a wannan karon ya nemi `_ctypes` bai samu ba. Sabon pip ɗin a matse yake zuwa, shi ya sa rashin zlib ma yake kayar da girkawar a wannan mataki.

## An gina, amma ba a gani

Akwai dangi na biyu na kurakuran, masu kama da na farko a ido amma asalinsu dabam. A da, idan aka harhaɗa manhaja ana cusa mata kwafin duk taskar da take bukata. SunOS 4.0 ta 1988 ta yaɗa tsarin taskokin tarayya a duniyar Unix: kwafi ɗaya a kan faifai, manhajoji da yawa suna aro a lokacin aiki. Linux ta daidaita a kan irin wannan tsari a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ta koma fasalin ELF. Fa'idar babba ce, domin idan aka gyara rami a taska ɗaya, duk masu aronta sun samu gyaran.

Amma yanzu neman taska ya zama sau biyu, kuma masu neman biyu ne. A lokacin gini manhajar harhaɗawa ce take nema, a inda aka nuna mata. A lokacin aiki wani ɗan shiri mai suna `ld.so` ne yake nema, a cikin nasa jerin wuraren. Injiniyan da ya gina sabuwar OpenSSL a `/opt`, ya nuna wa `configure` wurin, zai samu `_ssl` ya ginu. Da ya ce `import ssl`, sai `ld.so` ya duba jerinsa bai ga `/opt` ba, saƙon ya zama `libssl.so.1.1: cannot open shared object file`. Idan kuma ya ci karo da tsohuwar taska mai suna iri ɗaya, saƙon yakan ambaci `undefined symbol`, wato an nemi aikin da tsohuwar ba ta da shi. Irin wannan ne yake samun wanda ya gina Python da zaɓin `--enable-shared` a kan CentOS, inda `/usr/local/lib` ba ya cikin jerin: tafintan ma ba zai tashi ba, saboda bai ga `libpython` nasa ba.

Tun sigar 3.6 ta Disambar 2016 Python yake bambanta saƙonnin. `ModuleNotFoundError` yana nufin ba a ga fayil ɗin sashen ba, `ImportError` tsura kuma yakan nuna an gan shi amma ya ƙi buɗuwa. Sai dai `setup.py` yana da wata al'ada: yakan gwada kowane sashe bayan ya gina shi, wanda ya ƙi buɗuwa ya canza masa suna ya liƙa masa `_failed`. Ta haka matsalar dangi na biyu takan fito da rigar dangi na farko.

## OpenSSL da shekarun tsaka mai wuya

Eric Young da Tim Hudson sun fara SSLeay a Ostireliya a 1995, kuma daga ita aka kafa OpenSSL a Disambar 1998. Ta zama taskar da mafi yawan shafukan intanet suke dogara da ita wajen ɓoye bayanai, alhali masu kula da ita 'yan kaɗan ne kuma kuɗinsu kaɗan. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka bayyana ramin da aka laƙaba wa suna Heartbleed, wanda yake ba maharin nesa damar karanta har kilobait 64 na ƙwaƙwalwar na'ura a kowace tambaya, ciki har da kalmomin sirri da makullan ɓoyewa. Ramin yana cikin sigar 1.0.1 tun fitowarta a Maris ɗin 2012.

Abin da ya biyo baya ya shafi Python ta fuska biyu. Ta fuskar farko, ɓoye bayanai ya tashi daga zaɓi ya koma dole. Daga sigar 2.7.9 ta Disambar 2014 Python ya fara tantance takardun shaidar shafuka ba tare da an roƙe shi ba. Ma'ajiyar PyPI, inda pip yake ɗebo manhajoji, ta hanyar da aka ɓoye kawai ake shigarta, kuma a 2018 ta rufe ƙofa ga tsofaffin ƙa'idojin TLS 1.0 da 1.1. Python marar `_ssl` ya zama Python da ba ya iya sauko da komai.

Ta fuska ta biyu, OpenSSL ta shiga gyaran gida. Sigar 1.1.0 ta Agustan 2016 ta rufe cikin tsare-tsarenta, ta hana manhajojin waje taɓa su kai tsaye kamar yadda suka saba. Tsofaffin sigogin Python suka daina ginuwa da sabuwar taskar. Sababbin sigogi kuma suka fara ƙin tsohuwa: Python 3.7 ya bukaci aƙalla 1.0.2, abin da ya bar Ubuntu 14.04 da Debian 8 a baya. Sannan Christian Heimes, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin sashen ssl, ya rubuta PEP 644. Hujjarsa ita ce masu ƙwarewar kula da sashen ba su da yawa, kuma ba za su iya gwada kowace sigar Python da kowace sigar OpenSSL ba, ga shi masu 1.0.2 sun daina gyara ta ga jama'a tun ƙarshen 2019. Python 3.10, wanda ya fito a Oktoban 2021, ya bukaci 1.1.1 ko sama.

CentOS 7, wadda ta fito a 2014 kuma take kan ɗimbin na'urorin kamfanoni da jami'o'i, tana ɗauke da 1.0.2k, kuma an ci gaba da tallafa mata har 30 ga Yunin 2024. Kusan shekara uku masu kula da irin waɗannan na'urori suna cikin halin gaba kura baya sayaki. Sun girka `openssl-devel` kamar yadda kowane jagora ya ce, amma `_ssl` bai ginu ba, domin taskar tana nan, shekarunta ne suka yi yawa. Mafita mai tsabta ita ce a kawo 1.1.1 a gefe, daga ƙunshin `openssl11` na ma'ajiyar EPEL ko a gina ta a folda dabam, a nuna wa `configure` wurin da `--with-openssl`, a kuma yi amfani da `--with-openssl-rpath`, zaɓin da aka ƙara a 3.10 domin a rubuta wa sashen adireshin taskarsa a jikinsa.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba, kuma a nan haɗarin yake. Wasu sun maye gurbin OpenSSL ta tsarin gaba ɗaya, suka karya manhajojin da aka gina a kan tsohuwar, har da waɗanda suke shiga na'urar da su daga nesa. Wasu sun juya pip zuwa ma'ajiyar da ba ta ɓoye bayanai, wato suna sauko da shirin da za su gudanar ta hanyar da wani zai iya canza shi a tsakani. Wasu kuma sun ɗora sabon Python a kan `/usr/bin/python`, suka kashe `yum`, manhajar girka ƙunshi da aka rubuta da Python 2, wadda ita ce za ta kawo musu maganin. Domin kauce wa irin wannan ne jagoran Python yake ba da shawarar `make altinstall`, wanda ba ya taɓa sunan da tsarin yake amfani da shi.

## Bin sawu

Tarihin ya shimfiɗa tsarin bincike da kansa. Tambaya ta farko ita ce wane tafinta ne yake magana, domin na'ura ɗaya takan ɗauki Python uku ko huɗu, `sys.executable` yana faɗin wanda ke aiki. Idan saƙon ya ce babu `encodings`, tafintan ne ya ɓata hanyar gidansa. Yakan gano gidan ta neman fayil ɗin `os.py` a kusa da inda yake, kuma kwashe shi zuwa wani wuri ko saita `PYTHONHOME` ba daidai ba yana rikita shi.

Tambaya ta biyu ita ce ko fayil ɗin sashen yana cikin folda `lib-dynload`. Idan babu shi, amsar tana ƙarshen rahoton `make` da cikin `config.log`, inda za a ga ainihin gwajin da ya faɗi: fayil ɗin bayani ne ya ɓace, ko sigar taskar ce ba ta kai ba. Idan yana nan amma ya ƙi buɗuwa, umarnin `ldd` zai jero taskokin da yake nema ya nuna wadda ba a samu ba, maganin kuma yana wajen `ldconfig` ko rubuta adireshi a jikin sashen.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Girka `libssl-dev` bayan an gama gini ba ya ƙara wa ginannen Python komai. Tun ran gini ran zane. Sai an sake gudanar da `configure`, an share tsohon gini da `make clean`, an sake ginawa an girka. Wanda ya tsallake wannan yana maimaita safiyar abokin aikin Feldman ta 1976.

## Bayan 2023

A sigar 3.11 ta 2022 aka fara mayar da aikin neman taskoki zuwa `configure`, ta hanyar `pkg-config`, wanda yake tambayar taskar kanta inda take maimakon leƙen wurare. A sigar 3.12 ta Oktoban 2023 aka cire distutils daga harshen, `setup.py` ya yi ritaya bayan shekara ashirin da biyu, ginin sassa ya koma hannun `make`. Yanzu `configure` yana faɗin matsayin kowane sashe tun kafin a fara gini. Ƙa'idar 2001 dai tana nan: rashin taska ba ya tsayar da aiki.

A gefe guda, masu bukatar harhaɗawa da kansu sun ragu. Conda tun 2012 da Docker tun 2013 suna ba da Python ginanne tare da taskokinsa. Aikin python-build-standalone da Gregory Szorc ya fara yana cusa taskokin a cikin ginin, kuma daga gare shi manhajar uv take sauko da tafinta cikin daƙiƙoƙi. Amma pyenv, wanda masu shirya manhaja da yawa suke amfani da shi, har yanzu daga tushe yake ginawa, haka ma masu aiki a kan manyan kwamfutocin bincike inda ba su da ikon girka ƙunshi, da masu na'urorin da ba a yi musu ginanne ba.

Tazarar da ke tura mutane ga tushe ma ba ta rufe ba. Tun 2020 Python yake fitar da sabuwar siga kowace Oktoba, yana tallafa wa kowacce shekara biyar. Red Hat tana tallafa wa tsarinta shekara goma. Sigarta ta 8, wadda ta fito a 2019, ta zo da Python 3.6, wanda masu harshen suka daina gyarawa a Disambar 2021. Muddin agogon biyu ba su daidaita ba, za a ci gaba da samun injiniyan da ke da tsohuwar na'ura da sabuwar bukata, yana buga umarnin nan uku. Abin da zai raba shi da kwanan ofis layuka ne da ba su kai ashirin ba a ƙarshen aikin `make`, idan ya tsaya ya karanta su kafin ya ba da umarni na uku.